Malam Ƙorafi, Abokin Gardamar Baba

Na daɗe ina jin labarin da Baffanku Sada yake ba ku duk ranar Sallah, wai ni ubanku na ƙi tafiya jami'a saboda kiɗan Turawa. Yana faɗa kuna dariya, ni kuma ina yin shiru, don galibi a lokacin bakina cike yake da shinkafa. To yanzu bakina babu komai, Sada kuma ba ya kusa balle ya katse ni. Kiɗa dai yana cikin maganar, ban musa ba. Amma yadda ya shiga, da wanda ya shiga dominsa, wannan Sada ya sani sarai, tsallakewa kawai yake yi saboda labarin ya fi yi mashi daɗi a haka.

Kakanku Malam Hamza, wanda mu muke kira Baba, manomi ne a Kurfi, amma ba da noma aka san shi ba. Da gardama aka san shi. Idan ka ce mashi yau rana ta yi zafi, sai ya ce ba ka ga ta bara ba. Idan ka yarda ta bara ta fi, sai ya juya ya ce ba a taɓa yin irin ta yau ba, kai ne dai fatarka ta mutu. Mutane kan canza hanya idan suka hango shi ba su da lokacin ɓatawa. Mutum ɗaya ne a garin ya iya da shi, wato Malam Iro, maƙwabcinmu, abokinsa tun na kaciya, wanda gonarsa ma ke jikin tamu. Kullum bayan la'asar sukan zauna a zaurenmu kan tabarma ɗaya, su raba goro ɗaya, su kama musu: ko jaki ya fi raƙumi hankali, ko da gaske Turawa sun taka wata, ko zabo ya fi kaza daɗi. Sai kiran magariba ya raba su, kowa ya miƙe yana rantsuwa gobe zai ƙarasa da ɗan'uwansa. Tun ina rarrafe nake jin su, kuma ban taɓa jin an ƙarasa ko guda ba.

A farkon shekarun tamanin, lokacin muna ƙarƙashin jihar Kaduna, ana gama ɗaukar amfanin gona Malam Iro ya kwanta ɗan gajeren ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Baba ne ya yi mashi wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Muka ce madalla, dattijo ya yi tawakkali. Sai bayan an watse daga zaman makoki muka gane akwai matsala. Ba shirun da ya yi ne ya tayar mana da hankali ba. Yarda ce. Baba ya fara yarda da mutane. Inna, mahaifiyarmu, ta ce mashi kamar miyar yau gishiri ya yi yawa, ya ce haka ne. Washegari ta ce kamar bai ji ba, ya ce haka ne. Sada, don ya gwada shi, ya zauna gabansa ya ce ai shi ya tabbata kaza ta fi zabo daɗi nesa ba kusa ba, maganar da a da za ta iya sa a kore shi daga gidan. Baba ya dube shi ya ce mai yiwuwa. Inna ta shige ɗaki ta fashe da kuka. Abinci kuwa sai ya taɓa ya ture. Rigarsa ta fara yi mashi yawa. Aka kai shi asibiti suka ba shi ƙwayoyi, mutumin da ya yi shekaru yana cewa maganin asibiti alli ne aka dunƙule, ya karɓa ya haɗiye bai ce uffan ba.

Ni a lokacin ina koyar da Turanci a wata firamare a Dutsin-Ma, ina haya a gida ɗaya da wani saurayi Kirista mai suna Barnaba, mutumin kudancin Zariya, wanda aikin awon ƙasa ya kawo shi wajen madatsar ruwa ta Zobe. Barnaba yana da rediyo mai kaset, kuma yana da yaya da ke karatu a Ingila yana aiko mashi da kaset-kaset. A cikinsu akwai wani da babu ko suna a jikinsa, wanda aka kwafo daga faifan wasu mawaƙa da babu kamfanin da ya ɗauke su. Su suke kiɗansu, su ɗauka, su sayar da hannunsu, kuma in ji yayan nasa ko a garinsu ba kowa ya san da su ba. Barnaba jitar yake so, ba ruwansa da abin da ake faɗa. Ni kuwa maganar ce ta kama ni. Na ɗan karanta wasu littattafai masu tambayar mene ne amfanin zuwan mutum duniya, har na fara tafiya a hankali ina kallon ƙasa, ina jin duk Dutsin-Ma babu mai zurfin tunanina. Sai ga mutum a cikin kaset yana faɗin irin abin da ke cikin littattafan, da ganga a bayansa.

Wata Juma'a na ari rediyon Barnaba, na sayi kaset ɗin wa'azi a kasuwa, na hau ɗan babur ɗina na nufi Kurfi, da niyyar ko nasiha za ta sanyaya wa Baba zuciya. Na same shi a zaure a gefen tabarmar nan, ya bar ɗaya gefen babu kowa. Na ce na kawo mashi wa'azi, ya ce haka ne. Na danna. Ashe na wa'azin yana cikin aljihuna, na Barnaba ne a ciki. Jita ta ɓarke kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa, sannan wata murya mai kauri ta biyo baya, a hankali, kamar ta bijimin sa daga cikin rijiya. Na yi wuf zan kashe, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Bari. Mi ya sami wanga mutum?"

Tun rasuwar Malam Iro wannan ce tambaya ta farko da ta fito daga bakinsa. Na ji ƙarar ƙwarya ta faɗi a bayan zaure, na san Inna tana nan.

"Baba, waƙa yake yi."

"Na san waƙa, Lawwali. Wanga ba waƙa ba ce, wani abu ya same shi. Mi yake cewa?"

Na mayar da kaset baya, na saurara, na fassara mashi. Mutumin cewa yake kowace shekara yana shafa wa bangon gidansa farin fenti, kowace shekara ruwan sama na wankewa, ya sake shafawa, ruwa ya sake wankewa, to don me ma zai sake ɗaukar buroshi? Da na gama sai na gyara zama, na ƙara da nawa ilimin. Na ce bangon nan ba bango ba ne, rayuwa ce, fentin kuwa duk wahalar da ɗan Adam ke sha ce, mawaƙin yana nuna mana cewa a ƙarshe komai na tashi a banza.

"Kar ka sa mashi magana a baki. Bango ya ce ko rayuwa?"

"Bango ya ce, amma..."

"To bango ne. Wane irin sakarai ne ke shafe ana gab da damina? Ba shi da manya a gidansu?" Ya kalli rediyon kamar mai kallon wanda ya taka mashi tabarma da takalmi. "Kuma in ma rayuwar ce, ƙarya yake. Ni duk shekara nake yaɓen katangar gidan ga. Wa ya ce mashi ana yi ne don a gama? Ana yi ne don a kwana a ciki. Ƙarya yake! Sake sa shi in ji."

Inna ta gaya mani daga baya cewa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin kalma mai daɗi kamar wannan "ƙarya yake" ba. Ran nan Baba ya cinye tuwonsa tas, ya kuma ce miyar ba ta ji daddawa ba, Inna ta ce ta ji, ya ce ba ta ji ba, ta fito tsakar gida tana murmushi tana share ido da gefen zane. Da na koma Dutsin-Ma na ba Barnaba labari, ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya ce idan magani ne mu riƙe rediyon da kaset ɗin duka, shi ya ji jita ya ƙoshi.

Daga nan duk ƙarshen mako ina kan hanyar Kurfi. Baba ya raɗa wa mawaƙin suna Malam Ƙorafi, kuma ya kafa doka: waƙa ɗaya a zama ɗaya, don ba a gardama biyu a lokaci guda. Sauran kwanakin mako yakan sa a kunna mashi waƙar da na fassara, yana saurare yana tsara amsa, har batir ya yi sanyi muryar Malam Ƙorafi ta ƙara kauri, Baba ya ce ka ji, jikin nasa ya ƙara tsanani. Sai Inna ta shanya batiran a rana tare da kuɓewa. Akwai waƙar da mutumin ke cewa a wurin aikinsu kowa yana da ƙusar da yake rataye rigarsa, kuma ya san ranar da ya mutu ba za a kwana ba wani zai rataye tasa a wurin. Na ce wannan yana nuna mutum ba komai ba ne, tafiyarsa ba ta rage wa duniya komai. Baba ya ce to so yake a bar ƙusar haka nan, ɗan wani ya ajiye rigarsa a ƙasa? Ya ce shi ma ƙusar ai ya tarar da ita ne da ɗumin rigar wani, bai ji ya yi waƙa a kan wannan ba. Inna kuma daga bayan zaure tana da nata bayanin, wanda bai taɓa canzawa ba: mutumin nan ko dai tsutsar ciki ke damunsa, ko kuma ba shi da mata. Idan aka ba shi jiƙon maɗaci aka yi mashi aure, a cewarta, kaset na gaba sai an riƙe shi don rawa.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce waƙar da ya yi a kan wani abu da Turawa ke da kalma guda dominsa, mu kuwa ban samo mana ba. Na ce fanko, na ce wofi, duk ba su zauna ba. A ƙarshe na ce, Baba, cewa yake ya leƙa cikin ransa ya ga babu.

"Babu mi?"

"Babu kawai."

"Babu gero ko babu gishiri?"

"A'a, ita kanta babun. Ita yake tsoro."

"Lawwali, gwamnati ke biyanka don ka koya wa ɗiyan mutane wanga? Babu ba ta zama ita kaɗai. Sai da abin da babu. In ya ce babu, to akwai abin da ya rasa, yana jin nauyin faɗa ne. Ka saurara da kyau, zai faɗa."

Ba a daɗe ba labari ya zaga gari cewa Malam Hamza ya tsufa ya kama jin kiɗan Nasara. Limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin hali, ya zo da kansa don ya gani. Aka yi rashin sa'a ranar muna kan waƙar da mutumin ke cewa ya hau tudu ya yi ta ƙwala kira sama, ba wanda ya amsa. Liman ya nemi tsari, ya saurari fassarar har ƙarshe, sannan ya ce a gaskiya rabin wa'azi ne: ya kawo mutuwa da ƙarewar duniya daidai, amma ya manta da tashi, kuma mai irin wannan magana ɓatacce ne, bai kamata a ba shi wuri a zauren Musulmi ba. Ni na ɗauka Baba zai ji daɗi ya sami mai taya shi. Ashe na manta wane ne ubana.

"Allah gafarta Malam, ɓatacce ai shi ne wanda bai yi kiran ba. Wanga ya hau tudu, ya kira. Bai iya ba ne kawai, ba a koya mashi alwala ba, ya ɗauka sama ofishin hakimi ce da za a leƙo ta taga a ce wane ne. Amma kira ya yi."

"Malam Hamza, kare shi kake yi?"

"Ni? Ni da nake ƙaryata shi tun sanyi bai shigo ba? Amma abokin gardamata ne, ba naka ba. In za a kayar da shi ni zan kayar da shi."

Liman ya tafi yana girgiza kai, amma a bakin ƙofa ya ja ni gefe ya ce in ci gaba da kawo batir.

Ana cikin haka hedimastanmu ya kira ni ofis ya ce an ba makarantarmu gurbi ɗaya na ƙaro karatu a jami'a a Zariya, da albashi, kuma ni aka zaɓa. Ku da kuka taso kuka ga jami'a a kowane lungu ba za ku gane girman wannan ba. A lokacin, malamin firamare da ya sami irin wannan dama ya haye ke nan. An ce in shirya in tafi cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma wanda ya tafi sai hutu ake ganinsa. Na yi murna har na sayi akwati. Na ce Sada zai riƙe mani fassara, tunda ya taɓa zama a aji. Aka gwada shi sau ɗaya. Duk abin da Malam Ƙorafi ya faɗa, Sada sai ya ce wai yana son wata yarinya ne iyayenta sun hana. Baba ya jefe shi da takalmi. Wannan ɓangaren ma Baffanku ba ya ba ku.

Na zo Kurfi a makon da nake shirin sallama, ban riga na gaya wa Baba ba, muka kai waƙa ta ƙarshe a kaset ɗin. Ita babu hayaniyar ganga, jita ce kawai a hankali. Na san abin da ke cikinta, shi ya sa na yi ta jinkirta ta. Na ce Baba wannan ba ta da wata ma'ana, mu koma ta farko. Ya ce tunda na ce ba ta da ma'ana, ita yake son ji. Na fassara ina kallon tabarma. Mutumin cewa yake yana tafiya a titi sai amsar wata tsohuwar magana ta faɗo mashi, amsa mai kyau wadda za ta rufe bakin abokinsa. Ya juya da sauri don ya gaya mashi, sai ya tuna wanda zai gaya wa ɗin ba ya duniya. Yanzu yana yawo da rabin zance a bakinsa, ba ya iya haɗiyewa, ba shi da inda zai ajiye.

Na jira "ƙarya yake". Ba ta zo ba. Baba ya ɗauko goro daga aljihu ya ɓare shi biyu, kamar yadda hannunsa ya saba, ya tsaya yana kallon rabin da ya rage. Bayan zaure ma tsit, ba tsutsar ciki ba maganar aure. Can ya ce, a hankali:

"Na ce maka akwai abin da ya rasa."

Sannan ya miƙo mani rabin goron. Ban taɓa cin goro a gabansa ba, amma na karɓa.

"Raƙumi ya fi jaki hankali," in ji shi. "Na gano dalilin ana gobe Iro zai kwanta ciwo. Na ce sai gobe in gaya mashi."

Ya yi kuka ran nan, kukan da bai yi ba a maƙabarta, ni kuma na zauna a gefen tabarmar da ba a zama, ina tauna goro mai ɗaci. Da ya natsu ya share fuska da hannun riga, sai ya ce mako mai zuwa mu koma kan waƙar bango, don ya tuna wani abu da bai gaya wa mutumin ba. A kan babur, kafin in kai Dutsin-Ma, na riga na san ba zan je Zariya ba. Ba wanda ya roƙe ni. Na dai duba na ga mutumin da ya fara dawowa daga wani wuri mai nisa, igiyar da yake kamawa kuwa siririya ce, ni ke riƙe da ɗaya bakin. Ranar Litinin na gaya wa hedimasta a ba wani. Ya tambaye ni dalili, na ce mahaifina ba shi da lafiya. Ya ce me ke damunsa, na ce yana yarda da mutane. Ya daɗe yana kallona.

Abin da wannan ya ci mani ba zan ɓoye maku ba. Wanda aka ba gurbin ya dawo da digiri, da aka ƙirƙiro jihar Katsina ya zama babba a ma'aikatar ilimi, na sha zama a benci a ƙofar ofishinsa ina jiran a ce in shigo. Na sake nema daga baya aka ce in jira, ina cikin jira na auri mahaifiyarku, kuka fara isowa ɗaya bayan ɗaya kowa da bakinsa a buɗe. Na yi ritaya ina hedimastan firamare. Akwatin da na saya shi ne wanda kuka taso kuka ga ana ajiye kayan sanyi a ciki. Akwai ranakun da abin ya yi mani ciwo, musamman a kan bencin nan. Baba kuwa da labari ya kai kunnensa ta bakin Sada, sai da ya yi mani wankin babban bargo a gaban jama'a. Ya ce shi bai san ya haifi sakarai ba, wa ya ce in zauna, shi yaro ne da za a yi reno? Na ce Baba ai ba dominka na zauna ba, Zariya ce ba na so, sauro ya yi yawa. Ya ce ƙarya nake, sauron Zariya bai kama ƙafar na Kurfi ba. Muka yi ta yi har la'asar ta yi sanyi. Da muka gaji ya ce to tunda na riga na lalata rayuwata, in juya kaset ɗin.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, yayan Barnaba ya zo hutu daga Ingila, ya kawo ainihin kwalin faifan mai hoton mawaƙan. Barnaba ya ce lallai sai ya kai wa Baba da kansa. Na goya shi a babur muka je. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka dama mashi fura, ya ce ashe kai ne mai masaukin Malam Ƙorafi, yaya jikin nasa? Barnaba ya durƙusa ya miƙa hoton. Samari ne huɗu sirara sun jingina da wani bango, gashi buzu-buzu, kowa ya ɓata rai kamar an hana shi kuɗin kashewa. Baba ya kai hoton nesa, ya kawo shi kusa.

"Waɗanga ɗiyansa ne? Shi yana ina?"

"Baba, ai ga shi nan," in ji Barnaba, ya nuna na tsakiya, wanda ya fi kowa rama. "Shi ne mai waƙar."

"Wanga? Wanga da ko gemu bai tsiro ba?"

"Yayana ya ce bai fi ashirin da 'yan kai ba. A gidan burodi yake aiki. Yana zaune a gidan mamarsa."

"Uwarsa na da rai?"

"Da ubansa ma, Baba."

Baba ya ajiye hoton a kan tabarma a hankali. Duk watannin nan, saboda kaurin muryar, ya ɗauka da wani tsoho yake magana, mai farin gemu, wanda ya binne mata da abokai ya rage shi kaɗai a kango. Ya dubi hoton, ya dubi rediyon, ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na tsorata, na ɗauka kukan ne ya dawo. Ashe dariya ce. Ya yi ta har ya kwanta a gefe yana dukan tabarma, hularsa ta gangara ƙofar zaure, Inna ta leƙo ba ko mayafi tana cewa ai ta faɗa, aure ne maganinsa.

"Yaro!" in ji Baba yana haki. "Yaron da uwarsa ke dafa mashi abinci! Ya kwana cikin burodi, ya tashi ya ce babu! Ni Hamza na zauna tun kaka sa'ar ɗan cikina na koya mani baƙin ciki!"

A makon ne ruwan farko ya sauka. Da hantsi, ina shirin komawa Dutsin-Ma, na ji Baba a tsakar gida yana faɗa wa ya taɓa mashi fartanya, wa ya bar ta ta yi tsatsa, gidan nan ba mai hankali ko ɗaya. Ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Na jingine babur na bi shi a baya, don ƙafafunsa ba su gama ƙwari ba. Muka isa gonarmu, wadda Sada ya riga ya share, sai na ga bai tsaya ba. Ya wuce ya shiga ta Malam Iro. 'Ya'yan marigayin duk suna birni, ba wanda ya taɓa ta, karan bara na nan tsaye. Baba ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙugu yana duba ta gabas da yamma.

"Dubi kunyoyinsa," ya ce. "Duk a karkace. Shekara da shekaru ina gaya mashi, yana cewa idona ne a karkace."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sunkuya ya tumɓuke karan farko. Ya yi na biyu. Sannan ya ɗago, bai dube ni ba.

"Yaron nan mai burodi. A waƙarsa ta ƙarshe bai yi ƙarya ba. Ban san inda ya samo ta ba, amma bai yi ƙarya ba." Ya nuna ni da fartanya. "In ka kuskura ka gaya wa Barnaba ya gaya wa yayansa ya kai mashi, ban yafe ba. Kai kuma tsayuwar mi kake yi da takalmin makaranta? Tuɓe ka kama can."

Na tuɓe na kama.